Dilolin da Na Kashe

Dakar, 9 ga Maris 1963

Zuwa ga yayata Hawa, a Gaya.

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jikin Inna? Yaya maigidanki Alassan, da ƙarin haƙurinmu? Ni lafiya lau nake, abinci ne dai ba ya shiga.

Yaya, jiya a lakwal, wato makaranta, mushe malaminmu ya zana mana yadda halittu ke cin juna: ɓera na cin gero, dila da mujiya na cin ɓera. Ya ce, "Duk inda aka kawar da dila, ɓera zai mamaye gona." Kowa na rubutu, ni alƙalami ya suɓuce mini.

Ni na zuba wa diloli guba bara waccan saboda awaki biyu da suka cinye mana. Kin ce in bari, na ce ai ni na yi karatu. Ɓeraye suka cinye gona da rumbu, yunwa ta kwantar da 'yarki Zalika, ba ta tashi ba. Allah ya jiƙanta.

Ki roƙi Alassan kada a sake sa guba a gonarmu. Da ina gida ban san ni ne sanadi ba, har gawarta na ɗauka. Ki yafe mini, Yaya.

Ƙanenki,
Labo