Bandar Umara a Jirgin Jidda

Litinin, 5 ga Maris, 2018
Na gama zagayen sallama a unguwarmu, Limanti. Mai tafiya Umra dole ya bi gida-gida neman yafiya, na bi. Gida ɗaya na tsallake, na Umara. Matata Aisa ta lura, ta ce, "Malam, ƙafarka ta manta hanya ne?" Na ce rana ta yi zafi.

Alhamis, 8 ga Maris
Umara ne ya zo da kansa, da sanda, 'yarsa na riƙe da shi. Ya rame ƙwarai. Abokin yarintata ke nan, wanda ya ba da shaidar ƙarya a kaina zamanin siyasa don na ƙi shiga jam'iyyarsu, aka tuɓe ni daga hedimasta, aka kulle ni. Ya ajiye ƙunshin bandar kifin Baga, ya ce, "Gana, ka yafe mini, ban san ko za ka dawo ka same ni ba." Na ce, "Allah ya yafe mana duka." Ya san ba amsa ba ce. Ni ma na sani.

Asabar, 17 ga Maris, Sawakin
Yara sun yi ta mita, ga jirgin sama har Jidda, me ya kai ni Sudan neman na ruwa? Ta nan kakana ya bi. Muna yara, ni da Umara, a bakin kogin Ngadda yake ba mu labarin, mu sassaƙa jirage da kara mu saki a ruwa. Na Umara kullum sai ya kife, ya ce nawa ne ya ture shi.

Lahadi, 18 ga Maris
Teku ba Ngadda ba ce! Amai tun asuba. Ba abin da ya zauna a cikina sai bandar nan da na rantse ba zan taɓa ba. Aisa ta kalle ni ina ci, ta kau da kai tana murmushi. Ina kewar garinmu, Yerwa ta da. Ina kewar wawan nan ma, abin haushi.

Litinin, 19 ga Maris
Jidda ta bayyana, waya ta kama. Ba ni na kira ba, Aisa ce ta danna lambar Umara ta manna mini a kunne. 'Yarsa ta ce yana ji, magana ce ba ya iyawa. Na ce masa bandar ta yi gishiri. Sannan na faɗi ɗayar maganar, wadda ya zo nema, sau biyu, don iska ta yi yawa.