Hannun Ila na Falanko

Litinin, 4 ga Nuwamba 2024

Haris ɗan ƙanwata ya same ni a mahauta. Kwamitin matasansu za su farfaɗo da dambe a Tanut bayan an gama ɗaure gero, har da kofi. Kofin zai ɗauki sunan gwanin ƙasarmu ta Damargu, ko ni ko marigayi Dado na Belbeji. Na ce a ina shawarar take? Ni Hashimu Gatari, gwiwata ba ta taɓa ƙasa ba, ban kuma taɓa ƙin hannun da aka miƙo mini ba. Dado kuwa an kai shi ƙasa, ba sau ɗaya ba.

Sai yaron ya ce, "Kawu, yanzu ba a tambayar mutum nawa ka kashe a fage. Su wa ka kashe ake tambaya." A salula ya koyo wannan, wurin damben Turawa. Wai a can ma wani zakaran yakan tara ragwaye ya yi ta duka, a ce ba a taɓa buge shi ba.

Ragwaye. A gabana ya faɗa.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Na je fadarsu ta shan shayi da la'asar don in rufe musu baki. Na jero waɗanda na kashe: Husaini Bahago, Na-Ollelewa, yaran Agadas da suka zo da fankama. Suka yi ta kallon juna, ba su san ko ɗaya ba. Da aka zo kan Dado, kowa ya san da su wa ya kara, saboda ya yi ta ƙetarawa Daura da Katsina, labarin ya dawo tare da shi. Ni ban yi nisa ba don mahauta na hannuna, tsohona ba lafiya. Wa zai tsaya ya ji wannan?

Da a ce mun taɓa haɗuwa da Dado, da magana ta ƙare. To ubangidanmu ɗaya, Ɗan Azumi sarkin fawa, shi ya koya mana naɗin hannu. 'Yan gida ɗaya ba sa dambe da juna.

Shayinsu ma duk sukari ne.

Jumma'a, 8 ga Nuwamba

Na tambayi labarin Husaini Bahago a masallaci. Ya rasu bara waccan. Ban ji ba.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Yau kewar da ta kama ni ba ta misaltuwa. Na tuna kaka a zamaninmu. Mu ɗora tabarmi a amalanke, Barmo makaɗi a gaba da kalangunsa, mu bi garuruwa. Duk inda muka sauka a kawo fura da nono, mata su yi guɗa, a share fage a bakin kasuwa. Ka naɗe hannu, ka zaga kana duban mazaje, ka miƙa wa wanda ranka ya so. In ya karɓa, a shiga. In ya kau da kai, shi ke nan, gari ya san ya ji tsoro. Yanzu kokowa ta cinye komai, yara sun san 'yan kokowar Tawa sun manta da na ƙofar gidansu.

Matata Lantana ta ce, "Maigida, kofin nan fura za ka sha da shi?" Na juya mata baya. Can kuma ita ce ta tuna mini da Ila na Falanko. Shi kaɗai ya karɓi hannuna ya karɓi na Dado, dukanmu kuma mun kashe shi. In yana raye, shi ne ma'auni.

Talata, 19 ga Nuwamba

Yana raye. Haris ya ce kwamiti sun yarda, abin da Ila ya faɗa shi za a bi. Ya so ya raka ni, na ce a'a.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Falanko. Babur ya kusa raba ni da ƙuguna.

Na same shi gindin aduwa yana tufkar igiya. Wallahi da ba a nuna mini ba, da na wuce. Mutumin da ƙirjinsa ke cika ƙofar zaure, yau rigarsa tana yawo a jikinsa. Na yi sallama, ya saurara, ya ce, "Muryar Gatari ce wannan?" Ya riƙe hannuna na dama yana shafa tabon zare, ya daɗe bai saki ba.

Bayan an sha ruwa na faɗa masa abin da ke tafe da ni. Ya yi dariya har da tari. Ya ce ranar da Dado ya kashe shi, shi Ila yana tsakiyar ƙarfinsa, sai a turmi na uku, kuma Dado ya fita da haƙori ɗaya a tafin hannu. "Kai kuwa da ka zo, gemuna ya fara fari, na ma aje zare. Ka zaga fage ba wanda ya karɓa, mutane sun fara watsewa. Na ji kunyar a ce baƙo ya zo Falanko ya rasa namiji."

Na san haka. Ina wurin ai. Amma shekara da shekaru in ina ba da labarin, Ilan da nake kashewa saurayi ne.

Can sai ya ce, "In kana so in ce musu kai ne, zan ce. Dado ya tafi, ba zai ji ba." Kamar mai miƙa goro ya faɗa.

Na ɗauki ƙwaryar ruwa na kurɓa. Sai ya tambaye ni Barmo. Na ce ya rasu, ɗansa Jika ke riƙe da kalangun. Ya ce to takensa ya bi Barmo kabari, jikokinsa ma ba su yarda an taɓa yi masa take ba. Ni kuwa taken nan yana kaina. Ina yaro nakan hau katanga in ji shi. Na buga masa a bayan ƙwarya, na ɗora da kirarin: rijiyar Falanko, mai leƙa ka ya riƙe hularsa.

Tsohon nan ya dafa aduwa ya miƙe. Ya dunƙule hannu ya ɗaga. Ƙarfin ya tafi, amma tsayuwar ita ce. Na kau da kai, don hayaƙin murhunsu ya shigar mini ido.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Ban fita mahauta ba. Lantana ta kawo tuwo ta mayar.

Litinin, 25 ga Nuwamba

Kwamiti sun zauna, suka ce me Ila ya ce. Da kalma ɗaya kofin ya zama nawa. Na ce musu Ilan da Dado ya kashe da Ilan da na kashe ba mutum ɗaya ba ne, na Dado ya fi. Su rubuta Dado.

Haris ya fara "Kawu, ka yi haƙuri." Na ce ya rufe mini baki, ya nemo mota mai kujerar kirki a ɗauko Ila ran wasa. Abin ya yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Har yanzu ina ganin da mun haɗu da Dado, da na kashe shi.

Lahadi, 1 ga Disamba

Jika ba shi da kunnen ubansa. Tun hantsi muke abu ɗaya, ina koya masa taken Ila.

Asabar, 14 ga Disamba

An yi wasan. Yaran ba laifi, sai dai tsalle ya yi musu yawa. Iyalin Dado sun zo daga Belbeji, matarsa ta yi kuka da ta ga sunan a jikin kofi.

Kafin a miƙa kofin na yi wa Jika ido, ya saki taken. Tsofaffin da ke wurin suka miƙe tun kafin su tuna na wane ne. Ila ya aje sanda, ya shigo fage a hankali, ya zaga. Ya wuce samari, ya wuce manyan baƙi, ya tsaya a gabana ya miƙo hannu.

Tanut duka na kallo. Na dubi hannun, na kau da kai.

Ihun da aka yi, na ce rumfar za ta faɗo. Yara suka ɗauke shi sama suna "Rijiya! Rijiya!", jikokinsa a gaba. Haris ya raɗa mini, "Kawu, ka ƙi hannu fa." Na ce gwiwata ce ke ciwo.

Lantana ta kawo man zafi da muka koma, ta tambaya wace gwiwar. Na ce ta aje kawai.

Ila ya sauka a gidanmu. Ya ce gobe zai koma, na ce babu mota sai jibi. Ban tambayi kowa ba.