Bana Ni Ma Zan Yi Gudun

Madina, ranar Talata

Zuwa ga Mariyamu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Inna da Raudatu. Yaya ƙafar Inna? Yaya mutanen Injamena? Ni lafiya lau, sai gajiya.

Shekara biyar ke nan rabona da gida. Na rubuta wannan a takarda zan ɗauki hotonta in turo miki, don saƙon murya duk gidan ke saurare, kuma maganar nan ba ta taro ba ce.

Sanyi ya shigo, an ba yara ijaza, wato hutun tsakiyar shekara. Kin san abin da ke biye: gudun da mutanenmu na Harra ta Yamma ke yi ranar Juma'ar ƙarshe ta hutu bayan sallar asuba, daga bakin masallacin unguwa har gindin Dutsen Uhudu. Alhaji Abdussamad, dattijon unguwar, ya ce tun yana yaro ake yi. In an isa a shimfiɗa tabarmi, a ci tamis da ful, wato burodi da dafaffen wake, a sha shayi. Duk bidiyon gudun da kuka taɓa gani ni na ɗauka, ina zaune a bayan motar ruwa ina bin na gaba. Na gaba kuwa, tun da na kawo shi shekara biyu da suka wuce, ƙaninki ne Bakri.

Jiya ya same ni a shago ina guga, ya kunna min saƙon da Raudatu ta tura masa. "Kawu Bakri, bana ma ka ci, ka ji? Na gaya wa 'yan ajinmu." Haka ta yi ta zuba. Mariyamu, wannan fa ita ce yarinyar da in na kira sai ta ɓuya a bayan zaninki, kina ja tana cewa ba ta son magana da mutumin waya. Na ce masha Allah, na yi dariya, na kusa ƙona jallabiyar mutane.

Ban ce laifinsa ba ne. Shi ya goya ta, shi ya kai ta Islamiyya ranar farko, ni ina nan ina shaƙar tururi. Na sani. Amma sanin bai hana abin yi min ciwo ba. Duk shekara tana kallon kowa a bidiyon nan ban da ubanta, kuma ubanta ne ke riƙe da wayar.

Bana na ajiye waya, ni ma zan yi gudun. Ina so ta gan ni ina wani abu, ba fuskar da ke tambayar ta ko ta ci abinci ba. Kada ki gaya wa kowa.

Mijinki,
Usmanu

Madina, ranar Lahadi

Mariyamu,

Salamu alaikum. Ina fata kun wuni lafiya. Alhamdu lillahi da ƙafar Inna ta yi sauƙi, ki yi mata sannu.

Na ga amsarki. Kin ce in ji tausayin gwiwata, na gode. Amma da kika ƙara da cewa in nemi Bakri ya koya min, sai na kife wayar. Ke ma? Ni da nake bin jaki a guje daga kasuwa har gida lokacin da shi ko wando bai iya ɗaurawa ba?

Ina fita bayan asuba kafin in buɗe shago. Sanyin Madina ba ya ihu, shiga ƙashi yake yi. Rana ta farko ban kai ƙarshen layinmu ba na dafa bango. Wasu samari 'ya'yan gidan Alhaji suka wuce ni, na yi musu sannu da Hausa, suka amsa da Larabci, wai ya ammi, wato baffa, ko a kira mota. Wanda ya wuni a tsaye yana guga, ƙafarsa ba tasa ba ce. Su kuwa hutu suke yi.

Bakri ya gano. Ya zo da takalminsa na bara a leda, yana washe baki: "Mijin Yaya, ga shi, ya san hanya, kai dai ka riƙe shi da kyau." Na ce ya kwashe kayansa. Na je kasuwar gwanjo na sayi nawa, yana ɗan matse min yatsa, amma nawa ne. Na san da zuciya ɗaya ya kawo. Da ma da mugunta ya kawo, da na fi samun sauƙi.

Sabiru mai aski ne zai ɗauki bidiyo bana. Na roƙe shi ya riƙa waiwayowa baya ko sau ɗaya. Ya ce, "Malam Usmanu, kai da kanka ka taɓa waiwayawa? Alhaji ya ce a bi na gaba." Gaskiya ya faɗa, ban taɓa ba.

Duk da haka zan yi. Ki sa ni a addu'a.

Naki,
Usmanu

Madina, ranar Litinin

Zuwa ga Mariyamu,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya Inna, yaya yarinyar? Ni dai ina nan, a zaune nake sallah tun Juma'a.

Kin ga bidiyon, amma ba ki ga abin da ya faru kafinsa ba. Ana cewa bismilla motar ruwa ta tafi da Sabiru da wayarsa, ban sake ganin su ba. Muka rage a baya ni da wani tsoho ɗan Sudan, shi ma daga baya ya tari tasi. Ciki ya ɗaure min, yatsa ya fashe. Ina hango dutsen ja a gabana, kamar ana janye shi. Na ce a raina, Usmanu, ka zubar da girmanka a titi, kuma ba mai gani.

Sai ga Bakri a guje, ya juyo. Ya riga ya ci, an yi masa mabruk, wato barka, ya bar shayinsa ya fizgi wayar daga hannun Sabiru. Ya riƙa tafiya da baya yana ɗauka ta, bakinsa bai huta ba. "Yalla mijin Yaya! Ɗaga ƙafa, ful zai ƙare! Raudatu, ga tsohonki nan, jirgin sama!" Da ina da numfashi da na zage shi. Na so in tsaya don haushi, haushin kuma shi ya kai ni. Na isa ana naɗe tabarmi. Alhaji Abdussamad ya sa aka sake ɗora shayi.

Kin ce Raudatu ta kalla har caji ya ƙare. Na san dalili, muryar kawunta ce a ciki. Ko ranar da na fito a hoto, da rakiyarsa na fito. Wannan ba zai bar ni ba, kuma ba zan ce miki ya bar ni ba. Amma yaron nan ya yi gudun sau biyu saboda ni, ki gaya wa Inna ta haifi ɗan kirki. Ni ba zan iya gaya masa ba tukuna.

Yanzu abin da ya sa na ɗauki biro. Kin rubuta cewa tun jiya tana zagaya tsakar gida, ta dafe ciki tana ɗingishi tana huci, wai gudun Baba take yi, har Inna ta yi dariya da hawaye. Mariyamu, don Allah ki gaya min gaskiya. Ita ta ce Baba da bakinta, ko ke kika gyara min? In ke ce, ba zan yi fushi ba. In ita ce, ki ɗauko min ita tana yi. Ta kwaikwaye ni yadda take so, kada a hana ta.

Ki gaida Inna da duk wanda ya tambaye ni. Allah ya sada mu da alheri.

Mijinki,
Usmanu

Abin da na tara zuwa yau riyal dubu biyu da ɗari bakwai ne. Ya isa zuwa gida, bai isa komowa ba.