Gwiwar Kibiwot

Yaya Salina,

Ina gaishe ki da mutanen gida. Ya shanu, ya damina a Eldoret? Mu nan Kansas lafiya lau.

Kin tambayi labarin ɗanki Kibiwot. Jami'arsu tana koya wa 'yan tsere irinsa zaman duniya. Jiya darasin cin abinci da manya aka yi, ni da nake aiki a ɗakin abincin, da digirina biyu, ina kwashe faranti. Kibiwot ya iya riƙe cokali kamar ɗan gwamna.

Na ce, "Ɗana, ciwon gwiwar fa?"

Ya ce, "Kawu, rage murya. Likita ya ce gudu ya ƙare. Kada Mama ta ji."

Ban yi masa alkawari ba. Idan ya kira, ki tambaye shi karatu, ki bar zancen tsere.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki,
Elkana