Ƙorafi Kan Rashin Sanin Yawan Soyayyar da Ofishinku Ke Buƙata

Daga: Mai gyaran firiji, wanda ake kira Sanyi-Ƙalau,
Gida na ƙarshe a layin bayan tashar mota, hawa na biyu.
Litinin, 14 ga Yuli.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Sashen Izinin Zama na Ma'aurata,
Ofishin Shige da Fice.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: JINKIRIN KATIN ZAMANA, DA HALIN DA GIDANA YA SHIGA A DALILINSA

A safiyar yau ina tsugunne cikin wani firijin kifi, kaina a ciki, ƙafafuna a waje, sai manajanmu ya dafa ni ya ce in ajiye sifana in wanke hannu. Ya ce takardar wucin gadi da ofishinku ya ba ni za ta mutu ƙarshen watan nan, kuma kamfani ba zai ci gaba da riƙe mutumin da zamansa ke da ranar lalacewa kamar madarar gwangwani ba. Na bar kifin mutane yana narkewa, na dawo gida na ɗauki biro. Idan watan ya ƙare babu kati, doka ta ce in tattara in koma ƙasar da aka haife ni, in bar matata da 'ya'yana biyu a nan. Don haka nake neman izini, cikin ladabi, in shimfiɗa ƙorafina kamar haka:

1. Ni baƙo ne a ƙasar nan, ban musa ba. Aiki ya kawo ni, aure ya zaunar da ni. Matata 'yar ƙasa ce, ma'aikaciyar jinya, kuma shekararmu tara tare. A ranar 3 ga Fabrairun bara na miƙa duk abin da aka nema. Aka ce in dawo bayan wata guda. Na dawo, aka ce jami'in da ke riƙe da fayil ɗina ya tafi kwas. Na sake dawowa, aka ce ya dawo, amma makullin kabad ya tafi hutu a aljihun wani. Na ci gaba da sintiri, don an ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Ranka ya daɗe, dutsen ya dahu har ya fara ƙonewa, katin bai fito ba.

2. A ranar 9 ga Oktoba aka kira mu ganawa, don a tabbatar aurenmu na gaskiya ne ba na neman takarda ba. A bakin ƙofarku akwai wani mai fotokwafi da ake kira Lauya, ko da yake bai taɓa leƙa kotu ba. Shi ya ja mu gefe ya ce jami'anku sai sun ga soyayya da idonsu suke sa hannu. Muka bi shawararsa. Matata, wadda tun da muka yi aure ba ta taɓa kirana da abin da ya wuce baban yara ba, ta dinga kirana hasken idonta a gaban jami'a mai tabarau, har na waiwaya in ga ko wani ne ya shigo. Ni kuma na tashi ina yi mata fifita da ambulan, alhali na'urar sanyaya ɗaki tana aiki. (In an ba ni dama in faɗa, gas ɗinta ya kusa ƙarewa, na ji a ƙararta.) Jami'ar ta dube mu ta saman tabarau, ta yi rubutu mai tsawo. Daga baya aka sanar da mu cewa soyayyar ta yi yawa, wai babu ma'auratan shekara tara da ke kallon juna haka sai in shiri ne. Ba na ja da iliminta. Shiri ne kuwa. Amma kallon ne shiri, ba auren ba.

3. A ranar 20 ga Janairu aka sake kiran mu. Wannan karon muka yanke shawarar mu je a yadda Allah ya yi mu. Jami'i mai sanƙo, mutumin kirki, ya tambayi matata sana'ar mijinta. Ta ce yana gyara firijin kowa a garin nan ban da nasa, wanda ya shekara biyu a mace, har ta mai da shi wurin ajiyar takalman yara. Na yi bayani cikin natsuwa cewa abin da ya ƙone a cikinsa ba a samunsa a kasuwa. Ta ce na matar mai wanki a ina aka samu. Daga nan magana ta bar firiji ta koma kan ƙanwata da ta zo kwana biyu ta yi wata uku, ta gangaro kan labulen falo, ta tsaya a kan minsharina. Jami'in ya buga tebur ba mu ji ba. Ya rubuta cewa auren na gab da mutuwa.

Ranka ya daɗe, da girmamawa nake tambaya: wace mace ce za ta adana fushin firiji shekara biyu saboda mutumin da ba mijinta ba? Harshe da haƙori ma suna saɓawa, kuma ba a taɓa korar ɗaya daga baki ba. Da jami'in ya leƙo ta taga, da ya gan mu a bakin titi muna shan lemo kwalba ɗaya, tana kakkaɓe mini ƙura a kafaɗa tana ci gaba da mita.

4. Ganin rahotanni biyu sun ƙi jituwa, sai aka ce za a turo mai bincike har gida, ba sanarwa, cikin farin kaya, ya ga zamanmu da idonsa. Tun daga ranar gidana ya zama filin wasan kwaikwayo. Surukata ta kwaso kayanta ta tare a wurinmu don ta lura da shirin. Ta hana faɗa, ta hana soyayya mai yawa, tana auna mu kamar mai sa gishiri a abincin maras lafiya. In na yi wa matata murmushi ta ce in rage. In na rage ta ce na ɗaure fuska kamar ɗan haya. An ƙara girman hoton aurenmu har ya rufe agogon bango. Buroshin haƙorinmu biyu suna cikin kofi ɗaya suna jingine da juna, kuma an hana kowa gyara musu tsayuwa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne matata. Wata shida ba ta yi mini faɗa ba, tarawa take yi. Ina gani a yadda take ajiye mini cokali a hankali. A sana'armu, injin da aka toshe wa bututu ba ya yin ƙara, kuma ba ma tsayawa kusa da shi.

5. Saboda ba mu san fuskar mai binciken ba, bayin Allah uku sun shiga hannunmu ba da laifinsu ba. Na farko mai karanta mitar wuta ne. Aka zaunar da shi, aka ɗora masa kundin hotunan biki a cinya, aka kai shi har uwar ɗaka aka nuna masa gefen gadon da kowa ke kwana. Ya fita da baya da baya, bai karanta mitar ba. Na biyu mai tallan maganin ɓera ne. Ya sha shayi, ya saurari labarin haɗuwarmu tun daga ranar da na je gyaran firijin allurai a asibitinsu, ya share hawaye, sannan ya buɗe jakarsa. Kunya ta sa muka saya, ba mu da ɓera. Na uku ɓatan ƙofa ya yi, tela na hawa na uku yake nema. Ya ci abincin rana, ya yaba zamanmu, kuma har yau yakan sake ɓatan ƙofar in rana ta take. Maƙwabta sun mai da mu abin nishaɗi. Duk wanda ya shigo layin da jaka, ko mai aski ne, sai su nuna masa ƙofarmu. Surukata ta gaji, ta rantse ba za ta ƙara ɗora ruwan shayi don ƙaton da ba ta sani ba.

6. A makon jiya na je neman bayani. A ƙasa aka ce fayil ɗina yana sama. A sama aka ce yanzun nan ya sauka. Na tsaya a kan matakala na ɗan lokaci ko zan gamu da shi yana wucewa. Ban gan shi ba.

Bisa waɗannan dalilai nake roƙon Mai Girma Shugaba da ya taimaka:

Ya ba da umarnin a tsawaita takardata kafin ƙarshen wata, in koma bakin aikina.

Ya turo mai binciken da gaggawa, da shaida a rataye a ƙirjinsa, tun kafin abin da matata ke tarawa ya cika.

Ya sanar da mu a rubuce, da hatimi, yawan soyayyar da ofis ke karɓa, don mu daidaita. Ko firiji yana da lambar da ake tsayar da shi, kada ya daskarar da ƙwai, kada kuma nama ya ruɓe.

Ranka ya daɗe, dariya nake ƙoƙarin ba ka don kada in yi wani abu daban a kan takardar hukuma. 'Yata ƙarama ta ji manya na maganar ƙarshen wata, yanzu in zan fita ko sayen burodi ne sai ta riƙe mini ƙafar wando. Abin da zai kwantar mata da hankali yana cikin kabad ɗinku.

Allah ya ƙara girma, ya ja zamani, ya kare ka daga bin layi. Ina jiran amsarka da dukkan biyayya.

Naka mai ladabi,
Sanyi-Ƙalau,
mai gyaran firiji, mijin ma'aikaciyar jinya, na gaskiya.

Ƙarin bayani: Ina cikin naɗe takardar nan matata ta ji cewa an dakatar da ni daga aiki, bututun ya ɓalle, kuma ta fara sauke faɗan da ta tara tun daga watan Janairu. Ana tsaka da haka wani mutum mai jaka ya ƙwanƙwasa. Surukata ta leƙa ta sama ta ce masa babu shayi, babu hoto, babu abinci, ya ƙi tafiya, ta bi shi da ruwan wanke-wanke. Yanzu haka yana tsaye a bakin ƙofa, ganyen shayi a kan hularsa, yana goge wani kati a hannun rigarsa. Daga nan inda nake ina hango hatimin ofishinku a jiki. Ina roƙon a karanta takardata kafin a karanta rahotonsa.