Bokitan Papa

Montréal, 3 ga Fabrairu

Ƙanena Gaétan,

Gaisuwa mai yawa. Ya sanyin Beauce, ya Lucille da yara?

Kafin Papa ya hau motar komawa gida na kai shi asibiti kan ciwon sukarinsa. Likitar ta ɗauki hoton ƙashinsa, ta ba shi wani ƙarfe ya matse, sannan ta ce ya tashi daga kujera sau biyar ba tare da ya dafa ba. A na uku ya yi zamansa, ya shiga yabon kujerar. Na yi dariya.

Ta haɗa wannan da shekaru goma sha takwas da ya yi da ciwon, ta ce naman jikinsa na zubewa, ƙashin ƙugunsa ya yi rauni. In aka tafi a haka, kafin shekara uku yana iya faɗuwa ya karye. Daga nan kuwa sai gidan tsofaffi, inda ya rantse ko gawarsa ba za ta shiga ba.

Yayarka,
Réjeanne

Beauce, 11 ga Fabrairu

Yaya Réjeanne,

Duk muna lafiya, suna gaishe ki. Ai abin da nake gudu ke nan! Shi ya sa tun bara waccan na sa bututun roba a itatuwan mapul masu ruwan zaƙi, ruwan na gangarowa da kansa zuwa bukkar dafa sukari. Bokitansa na tarar ruwan da gatarinsa na kulle su a sito. Ko itacen murhu ba na bari ya ɗauka. Yini yake a bakin taga, ba ya ko yi min magana. Me kuma ya rage in yi?

Ki huta lafiya,
Gaétan

Montréal, 19 ga Fabrairu

Gaétan sarkin tausayi,

Ina gaisuwa. Na karanta wa likita wasiƙarka, ta ce, "To, zaman ne ke cinye shi." Kada ka ji haushi, ni ma da nawa laifin, ni na sayo masa kujerar lilon nan. Mun kusa nakasa mutum da soyayya.

Ta ce lissafinta gargaɗi ne, ba hukunci ba. Ya yi tafiya kullum, ya ɗauki kaya daidai ƙarfinsa, ya ci ƙwai da wake da madara, wani na kusa da shi. Na san tsoro kake ji, ni ma haka. Amma ka ba shi makullin siton.

Da ƙauna,
Réjeanne

Beauce, 6 ga Afrilu

Réjeanne 'yata,

Ina lafiya, ina fatan ke ma haka. Ƙanenki ya cire bututu a itatuwa goma sha biyu na bakin hanya, ya maido min bokitaina. Rabi-rabi nake ɗauka, shi kuma yana bina a baya hannu a buɗe, sai ka ce mai koya wa yaro tafiya. Sukarin bana ya yi kyau. Ban taɓa ba. To, cokali ɗaya.

Ki gaya wa likitarki jiya na tashi daga kujera sau biyar. Na shida ban koma na zauna ba, bokitai na jira.

Allah ya yi miki albarka,
Papa