Muryar Mama a Ƙarƙashin Tafki

Kuopio, Nuwamba

Zuwa ga Yayana Jarmo,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anneli da yara. Yaya ciwon bayan nan naka? Mu nan lafiya lau, sai dai abin da zan gaya maka ya fi ƙarfin waya, shi ya sa na ɗauki biro.

Ka san mawaƙan nan na garinmu da nake bi tun ina sakandare, Masu Gadin Toka, waɗanda kake cewa kiɗansu kamar an kunna injin yankan katako a cikin coci. Ranar Juma'a suka fitar da sabon faifai. Labari ɗaya ne daga farko har ƙarshe: wata sarauniya da dodo mai aman wuta ya tsare a ƙarƙashin daskararren tafki har gashinta ya yi fari. Na kunna shi a mota ina hanyar zuwa aiki. Jita na kururuwa, ganguna na gudu, masu goge da masu busa sun cika baya, sai komai ya yi tsit, sarauniya ta buɗe baki.

Yaya, Mama ce.

Na gangara gefen titi na tsaya. Muryar da take kiran shanu da ita, muryar da ta yi mana waƙar barci, ita ce ta hau kan wannan ƙara duka ta danne ta. Na duba bayan faifan, sai ga Sirkka Hyvönen, sunanta na kafin aure.

Da yamma na wuce gonar su Mama. Na same ta tana murza kwaɓin burodi. Na ajiye faifan a gabanta, ta kalle shi ta ce, "Au, ya fito? Wanke hannunki ki taya ni." Ashe Eetu, ɗan maƙwabtanmu mai dogon gashin nan da yake rubuta musu kiɗa, shi ya ji ta a jana'izar kakarsa, ya yi ta roƙonta ta yi musu waƙa. Duk Talatar da take ce wa Baba za ta je gwajin waƙar coci, ɗakin ɗaukar murya take tafiya.

Baba bai sani ba tukuna. Ka gaida yara.

Ƙanwarka,
Outi

Kuopio, Disamba

Yaya Jarmo,

Gaisuwa da fatan alheri. Na samu amsarka, kuma a'a, ba wasa nake ba. Je ka saurara da kanka.

Faifan ya raba masu sauraro gida biyu a intanet. Wani ɗan Jamus ya rubuta cewa a jirgin ƙasa ya ji shi, ya yi ta kuka har aka miƙa masa ruwa. Wasu kuma sun fusata. Sun saba a ƙarshen irin wannan faifai jarumi ya zo da takobi, a gwabza, a sare kan dodo. A nan kuwa jarumin na isowa sai sarauniya ta ce ya mayar da takobinsa, ta fasa ƙanƙara da kanta ta fito, dodo na kallo. Wani ya ce an cuce shi, ya jira yaƙi sai aka ba shi kakar wani. Na ɓoye wa Mama wannan, ashe ta riga ni gani. Dariya ta yi ta ce, "Yaron bai yi ƙarya ba, ai kakar wani ce."

Eetu ya gaya mini asalin ƙarshen da ya rubuta akwai yaƙin. Mama ce ta ƙi rerawa, ta karɓi takardar ta tafi gida, ta dawo da nata baitocin.

A shagon sayar da abincin shanu Baba ya ji labari. Matti mai shagon ya ce masa, "Veikko, yaya mai martaba sarauniya? Har yanzu ita ke tatsa?" Ya kwashi kayansa ya dawo gida. Ranar Lahadi, bayan mun sha kofi, ya kira ni cikin tarakta ya rufe ƙofa. Faifan na ciki. Ya ce shi ba ya jin Turanci, in fassara masa waƙar ƙarshe, kada in tsallake ko kalma ɗaya.

Na fara. Sarauniya tana cewa dodon bai taɓa ɗaure ta ba, bai taɓa ƙona ta ba, kwanciya kawai ya yi a bakin ƙofa yana cewa waje akwai sanyi. Sai Baba ya cire hularsa. Ya ce, "Haka na gaya mata." Na ce yaushe? Ya ce shekarar da aka haife ka, makarantar kiɗa ta Helsinki, babban birni, ta ɗauki Mama. Bai hana ta ba, ya dai ce wa zai kula da shanu, kuma birni ba wurin irinsu ba ne.

Ka san da wannan, Yaya? Ni ban taɓa ji ba. Ban kuma taɓa ganin Baba yana share ido ba sai ranar.

Taka,
Outi

Kuopio, Maris

Yayana,

Ina gaishe ka, ina gaida Anneli. Na gode da kayan da kuka aiko wa yara. Zauna kafin ka karanta wannan.

Masu Gadin Toka sun yi wasan farko a babban zauren gari. Baba ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci, ya tsaya a tsakiyar samari masu baƙaƙen kaya da takubban roba, kamar wanda ya ɓata hanya. Da Mama ta fito da farar riga, gashinta a sake, zauren ya ɗauki sunanta. Wani ƙato mai gemu har ƙirji da ke kusa da mu yana rera kowane baiti tare da ita, hawaye na zuba. Baba ya taɓa shi ya ce, "Matata ce." Mutumin ya rungume shi har ya ɗaga shi sama.

Na ɗauka shi ke nan, komai ya daidaita. A hanyar gida Baba ya tambaye ta me ya sa ba ta bari an kashe dodon ba. Ta ce, "Me ya yi da za a kashe shi? Kuma ba na buƙatar wani ɗan yaro ya zo ya buɗe mini ƙofar da ba a kulle ba." Kafin mu gama haɗiye wannan, ta ƙara da cewa ta amince za ta bi su zagayen wasanni a Jamus da Italiya, kuma in sun dawo za ta kama ɗaki a Helsinki, wata malama za ta koya mata abin da ta rasa. Na kusa faɗawa rami da motar. Mama fa, Yaya, da ba ta taɓa kwana uku a wajen gona ba!

Jiya muka raka ta tashar jirgin ƙasa. Baba ne ya ɗauki akwatin, ya kuma cusa mata burodin hatsi da safar ulu a jaka. Da jirgi ya iso, ya riƙe hannun rigarta ya ce, "Sirkka, a waƙar, sarauniyar tana dawowa?" Ta gyara masa wuyan riga ta ce, "Waƙar a bakin tafki ta tsaya, Veikko. Ban rubuta sauran ba tukuna."

Ya tsaya har jirgin ya ɓace, sannan ya ce in kai shi gida, lokacin tatsa ya yi.

Ka zo a hutun Ista, don Allah. Ba zai ce yana son ganinka ba, amma ka zo.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Outi